Suman Kwamfutar Gwaggo Ɗigo

Ɗakin Gwaggo Ɗigo shi ne na ƙarshe a barandar makarantar makafi, tsakanin sito da ɗakin shan magani. Taga ɗaya gare shi, da tebur biyu, da kujera mai matashin da ya lotse daidai jikin mai ita. A kan teburin dama akwai tsohuwar kwamfuta, irin mai akwati a tsaye, wadda farinta ya koma ruwan ƙasa. A kan na hagu akwai injin buga rubutun makafi, mai nauyin buhun siminti, wanda in ya fara huda takarda sai ka rantse ƙanƙara ce ke zuba a kan kwanon rufi. Duk littafin da yaran makarantar suka shafa da yatsa cikin shekara goma sha shida, daga ɗakin nan ya fito.

Yara ne suka laƙaba wa Gwaggo sunan Ɗigo. Rubutun makafi ɗigo-ɗigo ne masu tudu, kuma ɗigo ɗaya in ya ɓata sai harafi ya koma wani harafin. Gwaggo ba ta yafe ko ɗaya. Shafi yakan fito daga inji, ta bi shi da yatsu daga sama har ƙasa, in ta ci karo da kuskure ta yi tsaki ta jefa shi kwando, ko da malamin da ya kawo aikin yana tsaye yana magiya. "Kai mai ido ne, in ka ga kuskure za ka gane abin da ake nufi," takan ce. "Yaron nan kuwa, abin da yatsansa ya gaya masa shi zai riƙe."

Ƙyanda ce ta cinye mata ido tana shekara bakwai. Mahaifinta ya so ta zauna a gida saboda tausayi. Mahaifiyarta ta ƙi, ta riƙo hannunta ta kawo ta makarantar da ɗan akwati a ka, ta koma tana kuka. Tun daga ranar Gwaggo ba ta bar wurin ba. Ta gama karatu, aka ɗauke ta aikin kwafar littattafai. Da allon ƙarfe da tsinke ta fara, tana huda ɗigo ɗaya-ɗaya har tafin hannunta ya yi kanta. Daga baya aka sami keken rubutu mai madanni shida, daga baya kuma kwamfuta. Ta yi aure da wani makaho mai saƙar kujeru, mutum mai yawan barkwanci, suka zauna shekara goma sha ɗaya ba su sami haihuwa ba. Da ya rasu ta koma gidan ƙanwarta, wadda nas ce a asibiti.

Kwamfutarta ba ta da allon kallo. Tun makon farko ta sa aka ɗauke shi aka kai wa magatakarda. "Me zan yi da shi?" in ji ta. "Madubi a ɗakin makauniya?" Murya ce a cikin kwamfutar take karanta mata duk abin da ta danna da duk inda ta shiga, kuma Gwaggo ta ƙara mata gudu har baƙo ba ya tsintar kalma ɗaya.

Abin alfaharinta a duniya shi ne kunnenta. Tana zaune za ta gaya maka wanda ya shigo baranda daga takun ƙafarsa, har da ko ya yi faɗa a gida kafin ya fito. Masu ido kuwa suna da wata ɗabi'a mai ban haushi: da sun ga makaho sai su ɗaga murya, su da kansu ba su san dalili ba. Duk wanda ya yi wa Gwaggo haka ya sha kunya. "Sassauta, malam," takan ce. "Idona ne ya mutu, kunnena yana nan da ransa." Shekara arba'in tana faɗin wannan magana.

To, kunnen ne ya fara tafiya.

Na dama ne ya fara. Sai ta lura mutum yakan zo har bakin ƙofa ba ta ji shi ba. Ta rage gudun muryar kwamfuta sau ɗaya, ta sake ragewa, ta jawo lasifika kusa da kanta. Ƙanwarta ta kai ta wurin likitan kunne a ɓoye, ya gwada, ya ce jijiyar ji ce ke raguwa, kuma ba ta dawowa. Gwaggo ta ji tsoro irin wanda ba ta sake ji ba tun tana shekara bakwai. Yatsu suna karanta takarda, amma cikin kwamfuta ba inda yatsa zai shafa. Ranar da ta daina jin muryar nan, ranar aikinta ya ƙare, kuma ta san in shugabar makaranta ta sani za a fara yi mata maganar hutu.

"Yaya, wannan ba abin ɓoyewa ba ne," in ji ƙanwar, a hanyarsu ta komawa gida.

"Kunnena ne. In na ga dama in ɓoye."

"Wata rana fa dole a gane."

"To bari ranar ta zo da ƙafarta. Ke dai ki ja bakinki."

Ƙanwar ta ja bakinta. Abin da ta iya yi shi ne ta sayo mata lasifikar kunne mai ƙara ƙarfin sauti, irin wadda ake soka wayarta a jikin kwamfuta, da faifanta a cikin kwali. Wata rana bayan an tashi, Gwaggo ta kulle ƙofa ta sa faifan da kanta. Duk tambayar da muryar ta yi mata ta amsa da eh, har da wani dogon gargaɗi da ba ta ji sosai ba. Da ta saƙala abin a kunne, muryar ta fito tangaran kamar da. Ta zauna ita kaɗai ta yi kuka don daɗi.

Daga nan ta sake tsarin aikinta. Da safe, lokacin da malamai ke shiga da fita, sai ta yi aikin yatsa. Ƙarfe biyu, in baranda ta yi tsit, ta rufe ƙofa ta ciro lasifikar daga jaka inda take naɗe cikin ɗankwali, ta kama aikin kwamfuta.

Ba a yi mako guda ba kwamfutar ta fara suma. Ana cikin aiki sai muryar ta maƙale a tsakiyar kalma tana jan gaɓa ɗaya, sai kuma shiru. Fankar cikinta ta yi gurnani, komai ya mutu ya sake tashi. Injin bugu yakan tsaya a tsakiyar shafi, in ya farfaɗo ya manta inda yake, ya hau huda layi kan layi. Gyaran da ta yi na awa biyu ya tafi, takarda mai kauri da ba a samunta da sauƙi ta tafi kwando. Ba kullum ba ne, wani lokaci sai a kwana uku lafiya. Ba za a ce Gwaggo ba ta yi zargin lasifikar ba. Ta yi, amma duk sanda zargin ya taso sai ta danne shi, ta ce ai tsufa ne ya kama kwamfutar.

Jarrabawar ƙarshen shekara saura mako uku, yara arba'in da ɗaya, takardun ko rabi ba a buga ba. Shugabar makaranta, mace mai ido wadda Gwaggo ta girme ta da shekara ashirin, ta zo ta tsaya a ɗakin ta faɗi magana ba kwana-kwana.

"Gwaggo, na kira mai gyara. In ta gyaru, madalla. In ba ta gyaru ba, injin nan ba ya aiki da sababbin kwamfutoci, na tambaya. Sai dai mu riƙa aika aikin can babban ofis su bugo mana."

"Ɗakin nan fa, ranki ya daɗe?"

"Mu dai jira mai gyara," in ji shugaba.

Mai gyaran mutum ne mai furfura, mai sanyin magana, ya zo da allon kallo ɗaure a bayan babur da ɗan littafi a aljihu. Ba ya cikin masu gyaran nan da ke goge komai su sake zubawa, su bar ka da matsalarka bayan kwana biyu. Kafin ya taɓa ko da ƙusa ɗaya sai da ya jawo benci ya zauna.

"Gwaggo, tun yaushe take yi?"

"Wata biyu."

"Kafin nan me ya canza? An sa mata wani abu, ko an cire, ko an soka mata wata sabuwar waya?"

Jakar tana kan cinyarta. Ta ɗora hannu a kai.

"Ba abin da ya canza, malam. Tsufa ne."

"Tsufa ba ya farawa rana ɗaya," in ji shi, ya rubuta wani abu.

Ya buɗe akwatin ya share fanka, ya duba ko zafi take yi, ba ta yi. Ya zare katin ƙwaƙwalwarta ya gwada da wani da ya zo da shi, lafiya lau. Ya gwada wutar da ke shiga. Ya sa ta aiki tun hantsi har la'asar, injin bugu yana ta zuba ƙanƙara, ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Gwaggo tana gefe ta karkatar da kunnen hagu, tana amsa masa da eh da a'a a inda ta ji da inda ba ta ji ba. Ya tafi yana sosa ƙeya, ya ce a kira shi in ta sake.

Washegari da ƙarfe uku ta sake, ta ɓata shafi tara na takardar lissafi.

Da mai gyara ya dawo bai buɗe akwatin ba. Ya haɗa allonsa ya daɗe yana karatu, sannan ya ce a kira shugaba.

"Ranki ya daɗe, jikinta lafiya yake," in ji shi. "Kwamfuta duk sanda za ta faɗi tana rubuta abin da ya kayar da ita a kan allo, da shuɗin fenti. Wannan sau goma sha huɗu tana rubutawa, ba allo, ba mai karantawa. Amma tana da rajista a ciki, ta ajiye komai."

"Me ta ajiye?"

"Kowane abu da aka haɗa da kwamfuta, inji ne ko lasifika, akwai wata 'yar manhaja da ke yi musu tafinta. Mu direba muke ce mata. Wata biyu da suka wuce an zuba wani sabon direban sauti daga faifai. Ba na irin wannan tsohuwar ba ne, na sababbi ne, ita ma ta yi gargaɗi aka ce mata a ci gaba. In abin da ya zo da shi ba ya soke, direban barci yake. Da an soka, sai ya tashi ya yi karo da tsohon direban sautin, su ja kwamfutar ƙasa." Ya juya shafin littafinsa. "Duk faɗuwa goma sha huɗun, kafin kowace an soka abin. Kuma duk bayan ƙarfe biyu ne. Zan iya cire direban yanzu, amma in ban san abin da ake sokawa ba, gobe mai shi zai sake sa faifansa."

Muryar shugaba ta sauya.

"Gwaggo takan fita alwala ta bar ɗakin. Mutum ɗaya ne ke da makulli bayan ita." Ta leƙa baranda. "A kira min Baba mai gadi."

Baba mai gadi ya zo yana jan ƙafarsa mai ciwo. Shekararsa ashirin da biyu a bakin ƙofar makarantar. Shi ne ke tsallakar da Gwaggo titi kowace yamma, kuma yana da 'yar rediyo da kowa ya san yana yawon neman inda zai yi mata caji.

"Baba, 'yar rediyonka a ina kake sa mata wuta?"

"A ɗakin malamai, ranki ya daɗe. Wani lokaci a sito."

"A nan fa?"

"Ban taɓa ba. Ni ina ni ina injin Gwaggo?"

"Baba, takardun jarrabawa ne a ɗakin nan. In kai ne ka faɗa min yanzu, don in na rubuta rahoto ba ni da ikon janye shi."

Tsohon ya fara rantsuwa, muryarsa tana rawa. Gwaggo ba ta ji duk kalmominsa ba, amma rawar muryar ta ji ta. Kunya ta rufe ta. Ita da ba ta yafe wa takarda ɗigo ɗaya na ƙarya, ga shi ta zauna tana sauraron tsoho yana rantsuwa a kan laifinta.

"Ku bar shi," in ji ta.

Ta zuge jakar, ta warware ɗankwalin, ta laluba teburin ta ajiye lasifikar a kai.

"Ni ce. Ni na sa faifan, ni nake sokawa. Baba, ka yafe min."

"Gwaggo, wannan na mene ne?" in ji shugaba.

"Na kurame ne, ranki ya daɗe." Ta gyara zama. "Na dama ya kusa tafiya duka. Na hagu yana bin sa. Likita ya ce ba ya dawowa."

Baba mai gadi ya ce Allah ya sawwaƙe a hankali, ya fita. Mai gyara ya sunkuyar da kai a kan littafinsa kamar akwai abin karantawa.

"Tun yaushe?" Shugaba ta matso ta tsaya ta gefen hagu.

"Shekara ɗaya da rabi."

"Kika ɗauki wannan ke kaɗai shekara ɗaya da rabi?"

"Da wa zan ɗauka? Da na faɗa, da tuni kin yi min walimar ban kwana."

Shugaba ta ja numfashi. Ba ta yi mata ƙarya ba, kuma Gwaggo ta gode mata a kan haka daga baya. Ta ce ba za a rufe ɗakin ba, kuma ba wanda zai taɓa kujerarta muddin tana iya aikin. Amma daga zango mai zuwa ɗaya daga cikin malamai za ta riƙa zama da ita kullum, ta koyi injin da kwamfutar da duk abin da ke kan Gwaggo. Gwaggo ta gane ma'anar maganar sarai. Ta ce to.

Mai gyara ya kama aiki. Ya tayar da kwamfutar a yanayin da take ɗaukar direbobi kaɗan kawai, ya cire baƙon direban har saiwarsa, ya mayar da tsohon yadda yake. Ya hana ta sabunta direbobi da kanta. Ya kwafe duk waɗanda ke aiki lafiya, musamman na injin bugu da yanzu ko a kasuwa ba a samu, ya ba shugaba faifai ɗaya ta sa a durowa. Ya ajiye wa kwamfutar alamar yadda take a ranar, don in wani abu ya sake ɓaci a mayar da ita nan. Ya kuma ce a dawo da allon kallo daga wurin magatakarda a ajiye a kusurwa, ko ba don Gwaggo ba, don ranar da kwamfutar za ta sake yin ƙorafi.

"Abu uku, Gwaggo," in ji shi, yana magana kusa da kunnenta ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kada a sa mata faifan da ban gani ba. In za a canza abu, ɗaya-ɗaya, a rubuta ranar. In kuma na tambaye ki me ya canza…"

"Na ji, malam. Wannan na ji shi."

Ya yi 'yar dariya. Lasifikar kuwa ya ce ba za ta yi ba, domin ƙarfinta a cikin direban yake. Ya ce ta ba shi kwana ɗaya.

Washegari ya zo da wani ɗan akwati mai girman sabulu, da lasifikar kunne ta gama-gari. Akwatin ba ya buƙatar faifai ko direba. A ramin lasifika na da ake soka shi, shi ne ke ƙara sautin da kansa, yana da maɓalli ɗaya da ake murzawa, mai mataki-mataki. Ya haɗa, ya saƙala mata, ya sa muryar ta fara karanta takardar lissafi. Ƙofar ɗakin a buɗe take, malamai suna wucewa, Gwaggo ba ta ce a rufe ba.

"In ya yi miki ki ce," in ji shi, ya fara murzawa.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara dai."

Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Can sai fuskarta ta saki, leɓɓanta suka fara bin muryar, tambaya ta huɗu, tambaya ta biyar. Ta ɗaga hannu.

"Nan. Ya yi daidai."

Ta saurara na ɗan lokaci. Sannan ta zame lasifikar daga kunnen hagu ta juyo wajensa.

"Malam, matakan nan nawa ne duka?"

"Goma."

"Muna na nawa?"

Mai gyara ya dubi maɓallin. Ya so ya rage mata lissafin, amma ya san ko ya rage, da ya fita za ta ƙirga da yatsa.

"Na takwas, Gwaggo."

"Saura biyu ke nan."

"Saura biyu."

Ta gyaɗa kai. Ta mayar da lasifikar kunnenta, ta jawo kujera kusa da tebur.

"To in ka fita ka ce wa shugaba kada ta jira zango mai zuwa," in ji ta. "Ta turo min malamar nan gobe da safe."